Kwana Goma Sha Uku a Rubutun Alli

Litinin, 2 ga Disamba, 1907. Ƙarfe 6.20 na yamma. Ɗakina, gidan Paraska Hudak, Ellery Run, Pennsylvania.

Abin da na gani kawai zan rubuta.

Yau da ƙarfe 10.35 na safe ina cikin ramin kwal, ɓangaren arewa, ɗaki na 14, ina auna nisan da masu haƙa suka ci tun awon baya. Aikina ke nan tun da na gama makaranta aka ɗauke ni, mako uku da suka wuce: in auna, in sa a taswira. Na ɗaga fitila wajen dirkar ƙarshe da ke tokare rufin ɗakin, inda mai duba iska yake barin shaidarsa. Ƙa'idar ita ce, kafin kowa ya shiga da safe, mai duba iska, Emrys Prosser, zai zaga kowane ɗaki ya tabbatar babu iskar nan mai kamawa da wuta, sa'annan ya rubuta harufan sunansa da kwanan wata da alli a jikin dirka. Wanda ya zo ya ga rubutun ranar, ya san zai iya shiga da wutar fitilar da ke kan hularsa a kunne.

An rubuta: E.P. 19.

Yau biyu ga wata.

Da farko na ɗauka ba a duba ɗakin ba tun 19 ga Nuwamba. Amma allin sabo ne, na shafa ya bi yatsana. Kuma littafin awona ya nuna ran 19 ga Nuwamba inda dirkar nan take tsaye kwal ne ba a haƙa ba, da sauran ƙafa ashirin da biyu kafin a kai wurin. Dirkar ba ta fi kwana huɗu da kafawa ba. Na duba sau biyu.

Daga ɗaki na 1 zuwa na 10 an rubuta 2. Daga na 11 zuwa na 16, 19.

Na nuna wa ɗaya daga cikin masu haƙa biyu da ke ɗakin. Ya kalli allin, ya kalle ni, ya ce lafiya lau, Pan Injiniya (wato Malam Injiniya a yarensu), ya koma kan shebur ɗinsa.

Ran Asabar zan sa hannu a takardar mako, wadda take cewa duk ɗakin da na shiga na ga shaidar ranar a ciki.

Talata, 3 ga Disamba. 6.05 na yamma.

E.P. 20, ɗakuna shida ɗin dai. Ke nan mai rubutun yana ƙirga kwanaki, ba ɗaya yake maimaitawa ba. Ban ce kowa ya yi wani abu ba.

Laraba, 4 ga Disamba. 12.30 na rana.

Masu haƙar ɓangaren arewa ba su zo aiki ba, wai suna da idi a cocinsu. Manaja, Mista Coulter, ya rufe ɓangaren na yini ɗaya yana zage-zage. Na wuni a ofis da taswira.

Alhamis, 5 ga Disamba. 7.10 na yamma.

Na sami Prosser a ɗakin fitilu da ƙarfe 8.40 na safe, yana shan shayi daga murfin kwanon abincinsa. Shekararsa hamsin da takwas, arba'in da shida a ƙarƙashin ƙasa, tun yana Wales. Idan yana magana da mutum sai ya ɗaga haɓa ya kwantar da kai baya, kamar mai leƙen wani ta saman katanga. Na ɗauka girman kai ne.

Ya tambaye ni ko a makaranta aka gaya mini kwal baƙi ne, ko kuwa sai da na zo na gani da idona. Masu gyaran fitilu suka yi dariya, ni ma na yi. Da suka fita na ce, Baba Prosser, akwai abin da ban gane ba a ɗakunan nesa, yau an rubuta 22.

Ya daɗe yana juya murfin a hannunsa.

"Hannun tsoho ne, ɗan makaranta. Kai ka auna raminka, ni in shaƙi nawa."

Na ce to. Amma tsoho idan ya yi kuskure ba ya yinsa daidai wa daida kullum. Sha tara, ashirin, ashirin da biyu. Na rubuta su a jere ina kallo har shayina ya huce.

Juma'a, 6 ga Disamba. 5.50 na yamma.

Yau duk ɗakuna goma sha shida an rubuta 6. An gyara. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Asabar, 7 ga Disamba. 4.15 na yamma.

Jaridar safe: rami ya fashe jiya a Monongah, a West Virginia. Sun ce fiye da mutum ɗari uku, ba su gama ƙirga ba. A kantin kamfani mutum ɗaya ne yake karantawa, sauran suna tsaye da huluna a hannu. Babu wanda ya ce komai a kan namu ramin.

Takardar mako tana ofis. Ba zan yi maganarta ba.

Litinin, 9 ga Disamba. 8.00 na yamma.

Na gano, kuma ba da wayona ba.

Muna cin abincin yamma, miyar kabeji da dankali, babu nama don mutanen gidan, 'yan coci ɗaya da masu haƙar arewa, suna cikin azumin da ke gaban Kirsimeti. Mu shida ne a tebur. Kujerata tana fuskantar bangon murhu, inda kalandar cocinsu take rataye. Mako huɗu ina kallonta ban gan ta ba. Kowane gida na kwana yana da lamba biyu, babba da ƙarama. Yau babbar 26 ce, ƙaramar 9.

Na tambayi Paraska. Ta ce babbar ita ce ranar Allah, ƙaramar ta kamfani. Ta ce mu mutanen ƙasar nan gaggawa ta yi mana yawa, har haihuwar Almasihu mun riga su da kwana goma sha uku, kuma ba ta ga abin da muka ƙaru da shi ba. Kowa ya yi dariya.

Na cire goma sha uku a zuciyata. Biyu ga Disamba, sha tara ga Nuwamba. Uku, ashirin. Biyar, ashirin da biyu. Na duba sau biyu.

Prosser mutumin Wales ne, ba shi da abin da zai yi da wannan kalanda. Ke nan ba hannunsa ba ne a ɗakunan nesa. Hannun wani ne daga cikin mutanen nan, kuma shi ya sa masu haƙa ba su ga aibu ba, ranarsu suka gani a rubuce.

Ƙanen Paraska, Havrilo Dzubak, yana zaune a hannun damana. Mai loda kwal ne. Yakan fita tun kafin asuba, wai yana taimakawa wajen alfadarai masu jan kekunan kwal. Da na yi tambayar, cokalinsa ya tsaya a hanya. Bai yi dariya ba.

Ban ce kowa ya yi wani abu ba.

Laraba, 11 ga Disamba. 6.30 na yamma.

Na bar littafin nan a ƙarƙashin rigunana, bangonsa yana kallon taga. Na dawo na tarar yana kallon ƙofa. Wataƙila Paraska ce wajen wanki. Ba ta karanta Turanci, haka ta ce. Na ɗora zare a kai.

Na tambayi mai kula da alfadarai, cikin hira, ko Havrilo yana da hannu da dabba. Ya ce wane Havrilo.

Alhamis, 12 ga Disamba. 6.10 na yamma.

Zaren yana nan. Ko kuwa an mayar da shi.

Juma'a, 13 ga Disamba. 7.25 na yamma.

Don kada in manta yadda aka koya mana: ana duba iska da fitila mai ragar waya. A rage lagwani har wutar ta koma kamar ƙwayar wake, a ɗaga ta a hankali zuwa rufi, a kare haske da tafin hannu. In akwai iskar, wani shuɗi mai laushi yana fitowa a saman wutar kamar 'yar hula. Tsawonsa ne ke nuna yawan iskar. Ba ta da wari, ba ta da launi. Shuɗin nan kawai, kuma da ƙyar mai lafiyar ido yake ganinsa.

Yau na tsaya kusa da Prosser yana sa hannu a littafin safe. Ya laluba gefen shafin da ɗan yatsa kafin ya ɗora alƙalami. Da ya juya wajen taga na ga idanunsa suna kai da komo ba tsayawa, kamar ƙananan kifaye a kwano. An yi mana darasi ɗaya a kan wannan, ciwon masu daɗewa a duhu. Mai shi yakan kwantar da kai baya don idon ya ɗan natsu.

Ba girman kai ba ne.

Yana zaune a gidan kamfani mai lamba 31 da matar ɗansa da jikoki uku. Ɗan ya mutu a wani ramin bara waccan. Gidan na mai duba iska ne, ba na Prosser ba.

Asabar, 14 ga Disamba. 3.40 na yamma.

Sunana yana kan takarda biyu yanzu. Ta wannan makon gaskiya ce, kwanan wata daidai ne a ko'ina. Na maimaita wa kaina haka har ƙofar ofis.

Mista Coulter bai ɗago kai ba sa'ad da ya karɓa. Ya ce, "Na ji an daidaita maka lissafin arewa, Petrie." Na ce i, yallaɓai. Sai da na fito na tuna ban taɓa gaya masa akwai abin da bai daidaita ba.

Mai yiwuwa awon taswira yake nufi. Na gyara kusurwa ɗaya a taswirar ran Talata. Mai yiwuwa.

Lahadi, 15 ga Disamba. 5.00 na yamma.

Bayan sun dawo daga coci na sami Havrilo a bayan gida yana faskare. Na tsaya ina riƙe masa itace, abin da ban taɓa yi ba, har ya gaji da ni ya kafa gatari a kututture ya ce in faɗi abin da ya kawo ni, sanyi ake yi.

Na ce akwai alli a aljihun kwat ɗinsa na hagu. Ya ce ashe ana koyar da binciken aljihu a makarantar injiniya. Gaskiya ne, na duba jiya.

Ya ba ni labarin a gajarce, yana kallon itace. Wata goma sha huɗu ke nan suna zagayen tare. Shi yake kallon wutar, tsohon yake sauraren rufi da jin motsin iska a fuskarsa. A da har ɗaki na 16 suke zuwa su biyu, Prosser ya yi rubutu. Tun ƙarshen Nuwamba jiri yake kama tsohon a hanya mai nisa, sai ya zauna a mararraba bayan ɗaki na 10, Havrilo ya ƙarasa shi kaɗai. Harufa biyun ya kwaikwaya. Lambar kuwa babu wanda ya gaya masa, sai ya rubuta ranar da ya sani. Zagayen yana cin su awa uku.

Na ce doka ta ce sai mai takardar shaida. Ya ce jarrabawar da Turanci ake rubutawa, iskar kuma ba ta jin Turanci.

"Kai mai takarda, Pan Injiniya, sau nawa ka ga shuɗin?"

Na ce sau biyu, a ɗakin gwaji.

"Ni na daina ƙirgawa. Ka je ka gaya wa manaja. Za a kori tsoho daga gida da yara uku cikin ƙanƙara, ni a sa sunana a takardar da babu ramin da zai sake ɗauka ta. A kawo maka mai takarda. Ni dai a ɗaki na 14 nake lodi, wuyana ne a ciki, ka ga ba zan yi wasa da fitila ba."

Ta taga na hango Paraska tana jera gyaɗar Turawa da tuffa a kwando. Na tambaye shi na mene ne. Ya ce ran Alhamis idin Waliyyi Nikola ne, shida ga wata a wajensu. Na ce wa zai duba arewa ranar? Ya ce babu wanda zai shiga arewa, za a rufe kamar ran 4. Shi kam ranar Nikola ba ya sauka ƙasa, ko ubansa ne a ciki.

Talata, 17 ga Disamba. 12.20 na rana.

An liƙa sanarwa a bakin rami. Arewa za ta yi aiki ran Alhamis. Odar kwal ta yi yawa, za a kwaso mutum talatin da ɗaya daga kudu, 'yan Italiya da 'yan Poland, su cike gurbin masu idi. Ba su san ɗakunan ba. Abin da suka sani shi ne su dubi dirka.

Ma'aunin nauyin iska na ofis yana sauka tun jiya. In ya sauka, kwal yakan saki iskar da ke cikinsa. Na duba sau biyu. Sau huɗu.

Laraba, 18 ga Disamba. 6.45 na yamma.

Na roƙi Havrilo, awa uku kawai, ya dawo kafin a buga ƙararrawar coci. Ya ce a'a. Paraska ta ce kada in sake tayar da maganar a gidanta, shekara tara ƙanenta yana fitowa daga ramin nan da ƙafafunsa biyu, kuma ta san waliyyin da yake fito da shi. Havrilo ya ce ya gaya wa tsohon ya kwanta ya ce ba shi da lafiya, in babu mai duba iska dole a rufe.

Na je ƙofar Mista Coulter da ƙarfe 2.10. Na ji yana waya. Na je da 3.30. Na tambaye shi ko akwai sabuwar tawada.

Alhamis, 19 ga Disamba. 8.30 na yamma.

Zan bi shi daki-daki.

6.15. Ina bakin rami. Prosser bai kwanta ba. Ya riga ya fito, an rubuta a allon ƙofa cewa arewa lafiya. Mutum talatin da ɗaya suna tsaye suna buga ƙafa don sanyi, wutar hulunansu a kunne. Daga gangare ana ganin mutanen gidanmu sun nufi coci cikin baƙaƙen kwat.

6.20. Na ce wa Prosser ina da awon da zan ɗauka a ɗaki na 14 kafin kekunan kwal su tare hanya, ya riƙe mini mutane. Ƙarya ce, kuma ya sani. Ya ce wa mai ƙofa kada kowa ya wuce sai ya dawo. Ya ɗauki fitilarsa ya biyo ni. Bayan mararraba ya ɗora hannu a kafaɗata, muka tafi haka.

6.50. Ɗakuna na 11, 12, 13. An rubuta E.P. 19, kwanan wata daidai, da manyan harufa a karkace. A na 13 rabin rubutun ya zame daga dirka ya hau dutse. Ke nan ya zo da kansa, shi kaɗai, har nan.

6.58. Ɗaki na 14. E.P. 19, kamar ranar farko da na gani, a kan wata dirkar. Ya miƙo mini fitilar. Ya ce in rage lagwani, in ƙara ragewa, in ɗaga a hankali kamar mai ɗauke da cikakken kofi.

"Me ka gani?"

Na ce, ku fa, Baba, da asuba me kuka gani?

"Fitila uku, duk suna rawa. Na tsaya nan na shaƙa, na saurara, na yi addu'a, na rubuta. Gaya mini, ɗan makaranta. Kai ne mai ido."

Na kalli wutar. Na ce akwai shuɗi, rabin inci.

Bai sake tambaya ba. Muka dawo mararraba, ya sa na jawo katako biyu, muka gicciye su a bakin hanyar arewa. Da allinsa ya rubuta haɗari, ya sa E.P., ya ba ni allin ya ce in sa nawa a ƙasa, ni na gani. Na rubuta L.P. 19.

7.40. Mutanen sun ji an rufe. Kwana shida ya rage Kirsimetinsu, kuma wanda bai loda ba ba shi da komai ranar. Wani ya tofa yawu kusa da takalmina. Wani ya ce yaron ofis ya ga inuwarsa ya tsorata. Mista Coulter ya zo ba kwat, ya tambayi Prosser yaya aka yi ɗakin da ya ce lafiya da ƙarfe biyar ya zama haɗari da ƙarfe bakwai. Prosser ya ce iska ba ta da agogo. Mista Coulter ya kalle ni ya daɗe, bai tambaye ni komai ba.

1.00. Manaja ya aika shugaban ma'aikatan kudu da fitila. Ya dawo ya ce bai ga komai ba a na 14. Ya ce dai labulen da ke karkata iska zuwa ɗakunan nesa yana rataye da sababbin ƙusoshi. Sa'ad da muka wuce da safe ban dubi labulen ba. Ban duba ba ko sau ɗaya.

3.20. Waya ta zo ofis. Wani rami a bakin kogin Youghiogheny ya fashe kafin tsakar rana. Fiye da ɗari biyu suna ciki. An ce da sun fi haka nesa, amma masu idin Nikola suna coci.

Paraska ta ji a hanya. Ta shigo ta durƙusa gaban hoton waliyyin da takalmanta na ƙanƙara. Havrilo bai taɓa abincinsa ba. Mutumin da ya tofa yawu ya wuce ni a bakin kanti ya taɓa hularsa, ko kuwa gyara ta yake yi.

Juma'a, 20 ga Disamba. 1.15 na rana.

Arewa ta buɗe. Babu abin da ya faru.

Asabar, 21 ga Disamba. 4.30 na yamma.

An ce in rubuta rahoto. Na rubuta lokaci, da ɗaki, da rabin inci. Ban sa sunan Havrilo ba. Ban yi maganar ido ba.

Ba a bukaci in yi ba. Prosser ya shiga ofis da ƙarfe 11, ya ajiye fitilarsa a kan tebur, ya ce wa manaja ya nemi wani. Ina kusurwa da taswira. Mista Coulter ya ce kwana goma ya tashi daga gidan kamfani, ya san ƙa'idar gida. Bai tambayi dalili ba. Mutum ya yi maka aiki shekara goma sha ɗaya ya ajiye fitila, ba ka tambayi dalili ba.

Ni kuma an ce in zauna a ofis sai an neme ni. An daina takardar mako. Na tambayi magatakarda ina ta ran 7 ga wata take, ya ce manaja ya ɗauka.

Laraba, 25 ga Disamba. 2.00 na rana.

Kirsimetina ni kaɗai. A gidan nan da saura kwana goma sha uku, kabeji aka ci.

Juma'a, 27 ga Disamba. 6.40 na yamma.

Sabon mai duba iska ya fara jiya. Takardar shaidarsa tana cikin gilashi, ya rataye ta a ɗakin fitilu. Idonsa garau. Littafin ƙofa ya nuna ya shiga da 4.35 ya fito da 5.45. Awa ɗaya da minti goma, ɗakuna goma sha shida. Na auna a taswira: tafiya kawai, zuwa da dawowa, ba tsayawa, minti hamsin da biyar ce. Saura minti goma sha biyar. Na raba. Na duba sau biyu.

Havrilo ya koma yin barcinsa har ƙarfe biyar. A tebur ya miƙo mini burodi ba tare da ya kalle ni ba.

"Yanzu kwanan wata daidai yake kullum, Pan Injiniya. Hankalinka ya kwanta?"

Paraska ta ce ya ci abincinsa.

Litinin, 30 ga Disamba. 5.10 na yamma.

Prosser ya tafi da jirgin ƙasa na 9.20, wajen 'yar'uwarsa a Ohio. Na ɗaukar musu akwati ɗaya har tasha. Matar ɗansa ba ta amsa gaisuwata ba. Shi kuwa ya laluba hannuna ya sa mini guntun alli, ya ce in riƙe, ɗan makaranta, na fi shi bukata. Ban san ko godiya ce ko zagi ba.

Gobe zan nemi izinin komawa rami. In an hana, zan roƙi Havrilo ya koya mini fitila a rumbun Paraska, in zai yarda.

Abubuwan da ban sani ba har yanzu:

1. Ko Mista Coulter ya san da maganar Havrilo tun farko, da kuma abin da yake nufin yi da takardar ran 7 mai ɗauke da sunana.

2. Wanda ya juya littafin nan ran 11.

3. Ko labulen iska ya faɗi ran 19, da wanda ya kafa shi da sababbin ƙusoshi, da ƙarfe nawa.

4. Ko da ban yi tambaya a ɗakin fitilu ran 5 ba, da yanzu tsohon yana gida mai lamba 31.

5. Ɗakuna nawa sabon yake shiga da gaske. Havrilo yana lodi a na 14.

6. Na rubuta rabin inci a nan, na rubuta a rahoto, na faɗa wa makaho a cikin duhu ya ajiye aikinsa a kai. Gumi yana shiga idona a lokacin, kuma tun daga bakin rami na san abin da nake so in gani. Na ɗaga fitilar sau ɗaya. Ban duba sau biyu ba.